Kundin aikin takardar magunguna ta ɗakin haƙori

Litinin, 13 ga Janairu, 2025

Na buɗe wannan kundi ne saboda Dakta ya ce aikin da ba a rubuta ba, ranar da mai shi ya tafi hutu shi ke nan an binne shi. Mu uku ne a kai: ni daga ɗakin magani, Dakta babban likitan haƙorinmu, sai wata 'yar bautar ƙasa da aka turo mana, ita ma haƙori ta karanta. Abin da muke so shi ne duk maganin da likitan haƙori zai rubuta, ya zama bayaninsa na yanzu yana kusa da hannunsa kafin mara lafiya ya sauka daga kujera.

Mafarin abin a watan jiya ne. Wani dattijo ya miƙo mini takarda ta taga, an rubuta masa Flagyl da aibufurofen saboda kumburin haƙori. Allah ya sa na san fuskarsa, don a wurina yake karɓar wafarin, maganin tsinka jini, tun da aka sa masa bawul na ƙarfe a zuciya. Flagyl yana hana hanta sarrafa wafarin yadda ta saba, sai maganin ya taru, jini ya tsinke fiye da kima. Aibufurofen kuma yana cin bangon ciki. Haɗa ukun nan a jikin tsoho kamar ajiye ashana ne kusa da fetur.

Na ce, "Baba, ba ka gaya wa likita kana shan maganin tsinka jini ba?"

Ya ce, "'Yata, ai haƙori na kawo masa, ba zuciya ba."

Ban ga laifin Baba ba, ban kuma ga na likitan ba sosai. Ya tambaya ko akwai wani ciwo, an ce masa lafiya lau. Da na shiga ɗakin nasu don a canza takardar, littafin magunguna ɗaya na gani a kan kanta, BNF na Ingila bugun 2014, bangonsa ya yage, an ɗora butar shayi a kai.

Juma'a, 24 ga Janairu

Na kwashe mako ina bin tsofaffin takardun da suka fito daga ɗakin haƙori. Kusan duk abu uku ne, kamar tuwo da miya da man shanu: amoksisilin, Flagyl, sai daikulofenak ko aibufurofen. Kogon haƙori, su. Cire haƙori, su. Wankin haƙori ma wani lokaci su.

Mun tsayar da inda za mu riƙa ɗebo bayani. Na gida akwai jagoran magance cututtuka na Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya, wanda aka fara fitarwa a 2008 aka sabunta a 2016 da 2022, da jerin muhimman magunguna na ƙasa, da EMDEX don sanin sunayen da ke kasuwarmu. Na waje akwai BNF na bana a waya, da jagoran rubuta magani na likitocin haƙorin Sikotilan, da littafin antibayotik na Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022, wanda ya ware babi guda ga cututtukan baki da haƙori.

Doka ɗaya muka kafa: kowane layi sai an rubuta daga ina ya fito da ranar da aka duba shi. Ba a yarda da "haka aka koya mana" ba, ko daga bakin wa.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Yau aka yi ta ta ƙare a kan shafin antibayotik, har shayin Dakta ya huce.

Abin da littattafan suka haɗu a kai ba shi da wuyar faɗa. Zafin haƙori da ya taso daga jijiyar cikinsa ba kafso ke warkar da shi ba, hannu ne: a buɗe, a fitar da mugunya, a yi aikin jijiya ko a cire. Antibayotik sai idan cutar ta fara yaɗuwa, wato ga zazzaɓi, ga kumburi yana cin fuska, ko jikin mutum ba shi da ƙarfin kare kansa. In za a bayar, amoksisilin miligiram 500 duk bayan awa takwas ya wadatar wa babba, kwana uku idan an kawar da tushen cutar, kwana biyar idan ba a samu yin haka ba. Ba kwana bakwai ba, ba kuma dole sai an jera shi da Flagyl ba.

Dakta ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Hajiya, waɗanda suka rubuta wannan, mara lafiyarsu yana dawowa bayan kwana uku. Nawa daga bayan Rano ya taso, kuɗin motar ma rance ne. In na sallame shi hannu rabbana ya je kumburi ya kama maƙogwaro, wa zai gan shi?"

Gaskiya ce, kuma babu littafin da ya amsa ta. Akwai kuma wadda bai faɗa ba amma duk mun sani: mutumin da aka sallama ba kafso gani yake an cuce shi, daga nan kemis zai zarce ya sayi Ampiclox ƙwaya huɗu ya sha na yini biyu. To amma in don tsoron wannan za mu ci gaba da rubuta wa kowa, mun zama kemis mai farar riga ke nan.

Inda muka tsaya: a yi aikin a ranar da mutum ya zo matuƙar zai yiwu, kada a ba shi magani a ce ya dawo in kumburi ya saɓe. Wanda ya fito daga nesa kuma yana da alamar yaɗuwa, a ba shi. Sai muka sa akwati ja a saman shafin: wanda baki ya ƙi buɗuwa, ko haɗiya ta gagara, ko ƙasan harshe ya taso, ko kumburi ya doshi ido, wannan ba na takarda ba ne, na gadon asibiti ne, a kai shi ɗakin gaggawa nan take.

Augmentin mun mai da shi baya. Ba shi ne na farko a ƙa'ida ba, kuma tun da kamfanin GSK mai yin sa ya sanar da janyewarsa daga Najeriya a Agustan 2023 kuɗinsa ya fi ƙarfin yawancin masu zuwa wurinmu. Rubuta abin da mutum ba zai iya saye duka ba, koya masa shan rabi ne.

Alhamis, 27 ga Fabrairu

Yau ni aka kama, kuma zan rubuta don kada in manta.

A shafin rigakafin cutar bawul ɗin zuciya, wato kashi ɗayan da ake ba wasu masu ciwon zuciya kafin a taɓa dasashinsu, na rubuta amoksisilin giram 2, minti 30 zuwa 60 kafin aiki. Daidai ne. Sai na ƙara da ka cewa wanda jikinsa ba ya karɓar fenisilin a ba shi kilindamaisin miligiram 600. Haka na haddace tun ina makaranta, ban ko ɗaga littafi ba.

'Yar bautar ƙasar nan ta zo ta tsaya a gefen tebur tana murza yatsu. Ta ce, "Anti, ki yi haƙuri, kamar an cire wannan." Na duba, ashe tun 2021 Ƙungiyar Likitocin Zuciya ta Amurka ta janye kilindamaisin daga jerin, saboda ko kashi ɗaya yana iya jawo mugun gudawa mai lalata hanji. A madadinsa sun sa azitiromaisin miligiram 500, ko doksisaikilin miligiram 100, ko sefaleksin ga wanda borin jininsa ba mai tsanani ba ne. Shekara huɗu ke nan da canzawa, ni mai gyaran na wasu ina yawo da tsohon zance a kaina. Dokar da na kafa da bakina, ni na fara taka ta.

Wannan shafin yana da wata matsalar. Ingila tun 2008 ta ce a daina ba da wannan rigakafi, daga baya a 2016 ta sassauta lafazin zuwa kada a mai da shi al'ada. Amurka da Turai kuwa sun ce a ba waɗanda haɗarinsu ya fi yawa, kamar mai bawul na roba ko ƙarfe da wanda ya taɓa yin cutar. Mu a nan da ciwon bawul ke kama matasa sakamakon ciwon maƙogwaron yarinta da ba a kula da shi ba, ba za mu yanke wannan mu kaɗai ba. Na kai wa likitan zuciya, ya ce mu bi na Amurka, kuma duk wanda aka yi shakka a kansa a kira shi. Na rubuta lambar ofishinsa a ƙasan shafin.

Talata, 11 ga Maris

Azumi ya kai kwana goma sha ɗaya, aiki ya ja baya. Amma ya tuna mana abin da babu shi a ko ɗaya daga littattafan nan. Maganin da aka ce duk bayan awa takwas, mai azumi yana shan sa ne da buɗa baki, da bayan asham, da sahur, sannan jiki ya yini babu komai. Aibufurofen kuma a cikin da ya yini ba ruwa, a zafin Kano na Maris, ƙoda ce ke biya.

Mun ƙara ɗan sakin layi: aikin da zai iya jira a ɗaga shi zuwa bayan Sallah, mai ciwon suga a gan shi da safe, wanda kuma cutarsa ta kai ga antibayotik a gaya masa gaskiyar yadda ake shan sa, ya je ya tambayi malaminsa hukuncin mara lafiya. Fatawa ba aikinmu ba ce, amma ɓoye masa cewa shan maganin a cakuɗe ba ya aiki, wannan namu ne.

Litinin, 14 ga Afrilu

Shafin yara. Nan ne lissafi ya fi muhimmanci, nan ne kuma aka fi yin sa da ido.

Allurar kashe zafi da muke amfani da ita lidoken ce kashi 2 cikin ɗari haɗe da adiranalin. Kwalba mai mililita 1.8 tana ɗauke da miligiram 36. Iyakar babba miligiram 7 ce a kowane kilo na nauyinsa, amma likitocin haƙorin yara na Amurka sun tsaya a 4.4. Mun ɗauki ƙaramin. Yaro mai kilo 15 iyakarsa miligiram 66 ke nan, bai kai kwalba biyu cikakku ba. Yaron da ke kuka yana fizge-fizge, likita na ganin allura ba ta kama ba, ƙara ta uku ba ta da wuya ko kaɗan. Mun zana jadawali: nauyi a hagu, adadin kwalba a dama, ba sai an yi lissafi da safar hannu a hannu ba. Na kuma sa gargaɗi cewa akwai kwalba mai mililita 2.2, ita miligiram 44 ce, a duba jikin kwalin duk ranar da sito ya kawo sabon kaya.

Muna cikin murna sai Sista ta ce, "To da me za ku auna yaron?" Babu sikeli a ɗakin haƙori. Tun da aka buɗe shi babu. An rubuta takardar neman saye, ni dai na kawo na gidana kafin nan.

Sauran shafin gajere ne. Farasitamol miligiram 15 a kowane kilo. Ba a ba ɗan ƙasa da shekara 12 kodin, ba a ba ɗan ƙasa da 16 asfirin, tetirasaikilin kuma yana rina haƙorin da bai gama fitowa ba. Maganin fitar haƙorin jarirai mun ce kada a rubuta kowane iri. Dakta ya tuna mana My Pikin na 2008, ruwan maganin da aka samu guba a ciki ya kashe yara sama da 80 a ƙasar nan, alhali fitar haƙori ba cuta ba ce.

Shi ne kuma ya dage a sa hoton farkon ciwon iska, cutar nan mai cin fuskar yara masu tamowa, wadda asibitin Sakkwato ya daɗe yana fama da ita, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta sa ta a jerin cututtukan da aka yi sakaci da su a Disambar 2023. Na ce ai wannan ba bayanin magani ba ne. Ya ce a nan ne kaɗai yake so a yi gaggawar ba da antibayotik, don dasashi mai wari da gyambo a bakin yaro ramamme kwanaki kaɗan yake buƙata ya huda kunci. Na sa.

Laraba, 7 ga Mayu

Na zauna a ɗakin haƙori yini guda ina kallo, abin da ya kamata in yi tun Janairu.

Wata tsohuwa ta zo, gefen dasashinta fari fat kamar an ɗiga masa ruwan zafi. Likita ya tambaye ta ko tana shan wani magani, ta ce ko ɗaya. Da na matsa kusa na ce, "Inna, da haƙorin ya hana ki barci me kika sa masa?" sai ta kwance bakin zane ta fito da ƙunshin Alabukun. Garin take zubawa a kogon ta danne da harshe, sauran ta kaɗa a ruwa ta sha, sau uku a rana, kwana shida. Asfirin ne da kafeyin. Shi ya ƙona naman, kuma da an ɗora mata daikulofenak a kai, ga shekaru ga olsa da ta ce tana taɓa ta, sai dai wani ikon Allah.

Ba ƙarya ta yi ba. A wurinta magani shi ne wanda likita ya rubuta. Na kemis, da na mai talla a faranti, da jiƙo, da kanumfari, waɗannan taimakon kai ne. Baba ma haka ya raba zuciya da haƙori. Duk shafukan da muka wahala a kai ba su da amfani in likita bai san abin da ke cikin jikin wanda ke gabansa ba.

Saboda haka mun ajiye komai muka rubuta katin tambaya da Hausar da ake ji. Maimakon "kana da wani ciwo", yanzu ana cewa: Akwai ƙwayar da kake sha kullum? Me ka saya a kemis saboda wannan haƙorin? Ka taɓa shan magani jikinka ya yi bori ko numfashi ya sarƙe? In ka yanke, jini yana daɗewa bai tsaya ba? Mace kuma a tambaye ta batun juna biyu a hankali, ba a gaban rakiya ba, don daga mako 20 ana guje wa su aibufurofen. Haka masu karɓar magani duk wata a wani asibitin, na tarin fuka ko na ƙanjamau, ba a tambayar su da ɗaga murya.

Bayan katin muka jera abin da kowace amsa ke nufi. Mai shan wafarin: ba Flagyl, ba man maikonazol na baki, ba su aibufurofen. Mai shan simbastatin na kitse: ba kilaritiromaisin. Mai asma, mai olsa, mai ciwon ƙoda, mai sikila da ƙodarsa ta fara gajiya: farasitamol, kada ya wuce giram 4 a yini ga babba. Wanda ake yi wa allurar ƙarfafa ƙashi saboda daji ko yake shan alendironet: kada a cire haƙori sai an yi shawara, don ƙashin muƙamuƙi yana iya ƙin warkewa. Wanda dasashinsa ya yi kauri yana rufe haƙora kuma, a tambaye shi amlodifin na hawan jini ko fenitoyin na farfaɗiya kafin a ɗora wa rashin goge baki.

Litinin, 16 ga Yuni

Mun fasa buga littafi. Kuɗin ɗab'i ya yi yawa, kuma littafi ne ya zama matattarar buta a Disamba. Abin da muka yi: shafi huɗu da aka rufe da leda aka rataye a gefen kowace kujera, da kwafinsa a waya.

Kwafin wayar ne ya kusa ja mana. Bayan Babbar Sallah wani abokin aiki daga wata jiha ya turo mini takarda a WhatsApp, yana cewa ga wani abu mai kyau da ke yawo a zaurensu. Na buɗe, tamu ce, daftarin Fabrairu, da kilindamaisin ɗina zaune daram a shafi na biyu. Wani ya tura wa wani tun kafin a gyara, ta yi ƙafa. Ba sunanmu a kai, ba kwanan wata, ba yadda za a yi mai karatu ya san tsohuwa ce.

Na bi zaurukan da na iya na tura gyara, amma abin da ya shiga waya ba ya dawowa. Yanzu kowane shafi yana da kwanan wata da manyan baƙaƙe a sama, a ƙasa kuma an rubuta: "Kada a yi aiki da wannan bayan 31 ga Disamba, 2025." Magani yana da ranar lalacewa a jikin kwalinsa, takardar da ke bayaninsa ma ta samu tata.

Na ɗauki duba sanarwar NAFDAC duk ranar Litinin, ta jabun magunguna da waɗanda aka janye daga kasuwa, in tura wa likitocin abin da ya shafe su kawai, layi biyu ko uku. Mun kuma sa musu manhajar Med Safety a waya don kai rahoton illar magani. Har yau babu wanda ya aika ko ɗaya, ciki har da ni.

Alhamis, 10 ga Yuli

Baba ya dawo. Tun Disamba da zafin ya lafa ya ɓace, yanzu haƙorin nan dai ya sake tashi. Wannan karon Sista ta karanta masa katin, a tambaya ta farko ya zaro kwalin wafarin daga aljihun 'yar shara ya ajiye a tebur. An aika shi gwajin tsinkewar jini jiya, sakamakon ya fito ƙasa da 4, don haka ba a dakatar da maganinsa ba. Ya sha amoksisilin giram 2 a gabana, aka jira, aka cire, aka ɗinke, ya ciji auduga rabin awa. Farasitamol kaɗai aka rubuta masa. Ya juya takardar gaba da baya ya ce, "'Yata, shi ke nan? Ba kafso?" Na ce shi ke nan, Baba. Bai gamsu ba, na gani a fuskarsa, don haka na karɓi lambar ɗansa zan kira gobe in ji ko jinin ya tsaya, in kuma ji ko an biya kemis a hanya.

Abin da ya rage: shafin magungunan gaggawa na ɗakin, don na buɗe akwatin na tarar adiranalin ɗin ciki ya wuce lokacinsa tun bara. Sikelin ofis bai iso ba, nawa ne har yanzu a can. 'Yar bautar ƙasarmu kuma za ta gama a Oktoba, ita ce mai bin layi-layi tana duba kwanan wata, kuma ba mu sami wanda zai karɓe ta ba. Dakta ya ce a sa batun a taron sashe na ranar Talata.